Sunayen Kakanni a Sabuwar Kwamfuta

Ina shekara ta uku a wani shagon gyaran kwamfuta a unguwar Rusaifa da ke Makka, wata rana mun buɗe bayan sallar la'asar, sai ga wani dattijo cikin farar riga ya shigo. Da Larabcin Makka ya yi sallama. Da ya ji ina amsa waya da Hausa, sai ya tsaya yana kallona har na gama.

Ya ce, "Ɗana, kai mutumin ina ne?"

Na ce, "Katsina, Baba."

Ya ce kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato, amma shi a nan Makka, unguwar Utaibiyya, aka haife shi, bai taɓa taka Nijeriya ba. Hausarsa irin ta mutanen da ce, in kalma ta ɓace masa sai ya cike da Larabci.

Ga abin da ya kawo shi. Ya daɗe yana tattara sunayen zuriyarsu: wanda ya iso Makka, wanda ya rasu a hanya, wanda ya tsaya a Sudan ya yi aure. Duk ya zuba su cikin wata tsohuwar manhaja ta lissafa dangi. Kwamfutarsa ta mutu, 'yarsa ta sayo sabuwa ta kwashe masa komai, amma manhajar ta ƙi buɗewa. Mutum biyu sun gwada, na biyun ya ce ya haƙura ya sake rubutawa.

"In sake daga bakin wa, ya waladi? Waɗanda suka ba ni sunayen nan yawancinsu sun rasu."

Ya ce ba zai yarda a fito da kwamfutar daga gida ba, don haka washegari da hantsi na bi shi. Hawa na uku yake, a wani lungu da mota ba ta shiga. Kafin in zauna an kawo shayi mai na'ana'a.

Na danna manhajar, ta fito da saƙo cewa ba ta sami abin da za ta hau kai ba. Nan take na gane inda aka dosa. Irin waɗannan manhajoji ba sa tashi su kaɗai, sai an fara girka musu wata a ƙarƙashi wadda ke tafiyar da su, mu a shago rantaim muke ce mata. Sabuwar kwamfutar ba ta da ita. Kafin in taɓa komai na kwafe fayilolinsa a filashi, na duba girmansu, na ga babu wanda ya lalace.

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Sunayenka suna nan."

Ya ce, "Ka tabbata?"

"Na tabbata. Yau za ka gan su, in Allah ya yarda."

Na sauko da rantaim ɗin na fara girkawa. Ya yi rabi ya tsaya, ya koma baya, ya bar mini wata lambar kuskure. Da na leƙa jerin abubuwan da ke kan kwamfutar sai na tarar waɗanda suka riga ni sun bar guntaye har iri uku. Na goge su tas, na kashe na kunna, na sake. Nan ma a rabi ya tsaya.

Dattijon ya dube ni cikin damuwa. Ni kuwa ban damu ba, don na san duk girkawar da ta gaza tana barin rahoto. Na nemo rahoton na bi shi layi layi. Can ƙasa na ga adireshin wurin da yake son ajiye kayansa, kuma daidai inda sunan mai kwamfuta ya kamata ya fito, alamomin tambaya ne jere.

Na ce, "Wa ya buɗe asusun kwamfutar nan?"

'Yarsa ta amsa daga bayan ƙofa, da Larabci, ta ce ita ce, kuma sunan babanta ta sa. Da haruffan Larabci ta rubuta, wannan tsohon rantaim kuwa ba ya karanta su. Na ce mata ba ta yi kuskure ba, haka kowa zai yi. Na buɗe sabon asusu da haruffan boko, na sake girkawa, ya tafi sumul har ƙarshe.

Na danna manhajar ina murmushi, ta ƙi. Wannan karon laifina ne. Rantaim ɗin iri biyu ne, gaggawa ta sa na ɗauko na sababbin manhajoji, mai bit sittin da huɗu, alhali tsohuwar manhajar mai talatin da biyu take nema. Na faɗa masa gaskiya, na cire, na sa wanda ya dace ya fara sauka. Ana cikin haka aka kira azahar, muka sauka masallacin unguwa. A hanya ya riƙa gabatar da ni ga maƙwabta, yana cewa, "Injiniyan Katsina ne."

Da muka dawo na girka, na ja kujera gefe na ce shi ya danna da hannunsa. Ya danna. Allon ya ɗan yi jim, sai ga sunaye sun cika shi, reshe bayan reshe. Ya sa tabarau ya matso, leɓensa na motsi yana yi wa mamatan addu'a. Ya jima a haka.

Daga nan ya nuna mini sunan kakarsa, da sunan ƙauyensu a ƙasa. Ya ce ya tambayi alhazai da yawa babu wanda ya san wurin. Da ya furta, ni ma ban gane ba. Sai na lura Larabci ya cinye masa haruffa biyu, ɗ ta zama dal, ƙ ta zama kaf. Na maido su a bakina, sai ga sunan wani ƙauye da ke kusa da garin mahaifiyata, can iyaka da ƙasar Zamfara.

Na kira ta a take. Ta ce ƙauyen na nan, har gobe ana rini a can, ta ma taɓa cin kasuwarsu tana budurwa. Na miƙa masa wayar. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce, "Hajiya, ina wuni." Suka yi ta hira, tana gyara masa Hausa yana dariya.

Kafin in tafi na rubuta wa 'yarsa matakan a takarda, na gyara rubutun ƙauyen a manhajar da haruffan boko kusa da na Larabci. Ya rako ni har bakin titi, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci ana dafa shinkafa da rago a gidan, kada in sa a jira ni. Na je Juma'ar nan, na kuma ci gaba da zuwa har shekarar da na dawo gida.