Tsakanin Mai Giwa da Mai Zakara: Rayuwar Marigayi Mai Walƙiya

Haihuwa da tasowa

An haifi marigayin, wanda abokan sana'a da maƙwabta suka fi sani da Mai Walƙiya, a watan Afrilu na shekarar 1952, a wani ɗaki da ke bayan shagon mahaifinsa, daura da tashar jirgin ƙasa ta garinsu. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mutum mai natsuwa wanda kan wuni a kan kujera guda da gilashi maƙale a ido. Mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce a asibitin gari. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma 'yan'uwansa sun yi ittifaƙi a kan cewa bai gaji natsuwar uban ba ko ta ƙwayar zarra. Kakarsa ta wajen uwa kan ce yaron nan kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai yake. Abu ɗaya ya ɗauko daga shagon agogo, wato ƙirga sakan a zuci, kuma wannan ɗabi'a ba ta bar shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Karatu da koyon sana'a

Ya yi karatun firamare daga 1959 zuwa 1965, ya shiga sakandare, ya fito bayan shekara biyu ba tare da kowa ya kore shi ba. Ya gwada gyaran rediyo, ya gwada rubutun alluna, kowanne bai kai wata shida ba. A shekarar 1969 ya je wurin wani dattijo mai ɗaukar hoto da ake kira Tsoho Mai Akwati, kuma a nan ne, ga mamakin iyayensa, ya zauna shekara bakwai cur.

A wannan shago ya gano abin da ya zame masa aƙida. Ya lura cewa duk wanda ya zauna gaban kyamara fuska biyu gare shi. Ta farko ita ce wadda ya taho da ita daga gida, a ɗaure, ido a zare. Ta biyu kuwa tana fitowa ne bayan fitila ta haska, lokacin da mutum ya ɗauka an gama, ya saki jikinsa ya koma yadda iyalinsa suka san shi. A ƙirgarsa, fuska ta biyu ba ta wuce sakan biyu. Matsalar ita ce fitilar walƙiya, da zarar ta haska, sai ta ɗauki lokaci tana jan wuta kafin ta sake haskawa, kuma kafin nan fuskar ta tafi.

Aure

A damina ta shekarar 1975 wata budurwa tela ta zo ɗaukar hoton katin shaida. Ta zauna kamar wadda aka kira kotu ba da shaida. Fitila ta haska, ya ɗago kansa daga bayan kyamara, sai ya ga fuskar da daga baya ya ce bai taɓa ganin irinta ba a kan ɗan Adam. Hoton da ya wanke kuwa na waccan fuskar kotun ne. Ya aure ta a watan Maris na 1976, kuma a makon farko na aurensu ya yi mata alkawari, a gaban ƙanwarta, cewa sai ya kama waccan fuska a takarda ko da zai ƙare da shi. Ba ta roƙe shi wannan alkawari ba, shi ya ɗora wa kansa.

Buɗe shago da zaɓin fitila

A shekarar 1978 ya buɗe shagon kansa a saman bene, bisa wani kantin magani: ɗaki ɗaya mai labule mai ruwan toka, da kujera mai juyawa, da ɗan lungun wanke hoto. A lokacin fitilun kamfani biyu ne a kasuwa, kuma masu hoto na kiransu da tambarin da ke jikin kwali. Mai Giwa tana da nauyi, haskenta mai taushi ne, tana fito da baƙar fata da sheƙinta yadda Allah ya yi ta, amma sai ta yi sakan shida kafin ta sake cika. Mai Zakara ba ta da nauyi, cikin sakan biyu ta shirya, sai dai haskenta ba shi da alƙibla, yau ya yi daidai, gobe ya mai da mutum kamar ya fito daga injin niƙa. Bugu da ƙari, lema da kwanon da ke watsa hasken ɗaya ba sa ɗauruwa a kan ɗayar, saboda haka duk wanda ya sauya kamfani sai ya sauya kayan shagonsa baki ɗaya.

Masu hoto na gari kowa ya zaɓi ɗaya ya huta. Marigayin bai huta ba.

Ya fara da Mai Giwa. Duk ranar da ba a buɗe shago, maiɗakinsa kan hau benen ta zauna a kujera mai juyawa. Fitila ta haska, ya ɗago yana hararar ɗan jan ƙwan da ke nuna ta cika, yana ƙirga sakan, ga fuskar nan a gabansa ƙuru-ƙuru. Kafin ya kai shida ya koma bayan kyamara, ta ɓace. A 1981 ya yanke hukuncin cewa laifin nauyin jikin Giwa ne, ya sayar da ita da lemominta, ya sayo Mai Zakara. Da ita ba ya ko ɗagowa, yana latsawa yana sake latsawa, amma hoto na biyu da na uku duk fuskar kotu ce, ga kuma fari fat a goshi. A 1985 wani malamin makaranta ya dawo masa da hoton iyalinsa yana cewa ba haka launin matarsa yake ba, sai ya koma Mai Giwa cikin wannan satin.

A 1989 ya yi abin da abokan sana'a suka daɗe suna yi masa tsiya a kai: ya kafa Giwa a dama, Zakara a hagu, da nufin ya ci riba biyu. Sakamakon shi ne hotuna talatin da shida na mace guda, kunci ɗaya ja, kunci ɗaya shuɗi-shuɗi. Dillalin kayan hoto, wani mai ƙiba da ake kira Ba-Ragi, ya taɓa gaya masa, "Maigida, ranar da ka yanke shawara, ranar zan rufe shago." Tsakanin 1978 da 2003 ya sauya kamfani sau tara. Duk da haka aikinsa ya yi suna, domin mutumin da ke farautar fuska ta biyu yakan same ta a wurin baƙi, kuma gidaje da yawa na garin suna rataye da hoton kakanninsu suna dariya saboda shi. A wurin mutum ɗaya ne kawai, maiɗakinsa, abin ya gagara, kuma wannan ya ci masa rai ƙwarai.

'Ya'ya da zaman gida

Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1977 da 1990. Dukkansu sun tashi sun san bambancin Giwa da Zakara kafin su san bambancin dama da hagu, domin ko a kan tabarmar cin abinci takardun tallan kamfanonin na gefen kwanonsa. Yakan tashi tsakiyar cin abinci ya je ya duba wani adadi, ya dawo ya ce gobe zai sayar da wadda ke shago. An ruwaito maiɗakinsa tana cewa, "Baban yara, ka zaɓi ko wacce ce, mu dai mu ci abincin nan da zafinsa." Ba a taɓa jin ta ƙi hawa benen ba, ko lokacin da take da tsohon ciki, ko lokacin da gwiwa ta fara damunta.

'Yarsa, ta uku cikin 'ya'yan, wadda yake kira Mai Sunan Inna, ita ce ta shiga sana'ar a 2001, kuma ita ce ta lallaɓa shi ya bar fim ya koma kyamarar zamani a 2006.

Shekarun ƙarshe

A shekarar 2012 'yar ta sayo fitilar wani sabon kamfani, wadda ke haskawa sau goma cikin sakan guda ba tare da launi ya kauce ba. Marigayin ya zagaya ta sau uku, ya ce ai wannan ita ya yi shekara talatin da huɗu yana jira. Washegari da safe ya kama hannun maiɗakinsa suka hau benen a hankali, ya manna idonsa a kyamara, ya ɗauki hoto saba'in da biyu ba tare da ya ɗago ba. Suka duba su ɗaya bayan ɗaya a kan kwamfuta, shi da 'yarsa. Babu ko ɗaya mai waccan fuskar.

Bayan kwana uku ya nemi a kawo masa takardun wani kamfanin kuma. Yanar ido ta tilasta masa barin aiki a 2016, amma bai bar bincike ba: yakan sa jikokinsa su karanta masa bayanan fitilu daga waya, yana gyara musu, yana aika wa 'yarsa saƙo cewa ta dakata, kada ta sayi komai sai ya gama nazari. Ya tambayi dillalai, ya tambayi injiniyoyi, ya tambayi baƙin masu hoto da suka ratso garin.

Rasuwa

Ya rasu da hantsin ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2019, a asibitin da mahaifiyarsa ta yi aiki, bayan jinyar kwana tara, yana da shekara sittin da bakwai. An yi masa sutura a wannan rana, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan tasha, kusa da iyayensa. Masu hoto na garin sun rufe shagunansu har la'asar.

Bayan wasu watanni, Mai Sunan Inna ta roƙi mahaifiyarta ta hau benen sau ɗaya tak, ko Allah zai sa ta cika alkawarin mahaifinta. Tsohuwar ta ajiye ɗinkin da ke hannunta ta ce ba za ta hau ba, domin ba za a samu ba. Ta ce, "Ke, wace fitila? Ni ban taɓa sanin an gama ko ba a gama ba. In ya shige bayan akwatin nan ba na ganin kowa sai baƙin gilashi. In ya ɗago na gan shi, sai fuskar ta saki, shi ke nan." Da 'yar ta tambaye ta dalilin da ya sa ba ta taɓa gaya masa ba, sai ta ce tun a shekarar farko ta fara gaya masa, ya ce ta bari ya gama ƙirga, daga nan kuma bai sake tambayarta ba, ita kuma tana son hawa benen. 'Yar ta shaida wa 'yan'uwanta cewa 'yar igiyar nan da ake latsa kyamara da ita daga gefe, wadda kowane mai hoto ke da ita a aljihun tebur, ita kaɗai ta isa ya ɗauki hoton kansa a ɗage, matarsa na kallonsa, kuma 'yar ta yi kuka a ranar fiye da ranar rasuwar.

Marigayin ya bar matarsa guda da 'ya'ya biyar: Babban Yaya, direban jirgin ƙasa, Malama, mai koyar da lissafi, Mai Sunan Inna, wadda ke riƙe da shagon, Injiniya, mai gyaran lantarki, da Auta, ma'aikaciyar jinya, sai jikoki goma sha huɗu. Ya bar fitilu bakwai na kamfanoni uku, da hotunan maiɗakinsa sama da dubu biyu. Fuskar da ya nema kuwa babu wanda ya taɓa ganinta sai shi. Allah ya jiƙansa, ya ba shi hutun da bai ba kansa ba.