Makon Juyi a Gidan Burodin Alhaji Mande

Ina idar da sallar asuba na ɗauki jakata na nufi tashar mota a Katsina. Shekaruna hamsin, ina kuma binciken digiri na uku a kan yadda kamfanoni ke tafiyar da ma'aikatansu, da yadda abin da mutum ɗaya ya koya a bakin aiki ke zama ilimin kowa. Duk inda na ƙwanƙwasa an ƙi buɗe mini. Malamar da ke duba aikina, wadda na girme wa nesa ba kusa ba, ta ce idan wata ya ƙare ban sami kamfanin da zai bar ni in zauna in lura ba, za a soke maudu'in. Wuri ɗaya ya rage mini, gidan burodin Alhaji Mande da ke Dutsin-Ma, mai reshe a Kurfi. Ban taɓa ganin mutumin ba, shi kuma ba ya ɗaukar wayar baƙo.

Katsina zuwa Kurfi

A shingen jami'an tsaro aka leƙa jakata, aka ga littattafai zalla, aka dube ni da tausayi aka ce mu wuce. Rana ta ɗan ɗaga muka tsaya tashar Kurfi sauke fasinja. Wani dattijo mai tsabtar hula ya matso da farantin burodi a ka, ko kiran ciniki bai iya ba. Na sayi ɗaya, na tarar ya lotse kamar an zauna a kai, na kuwa faɗa masa. Maimakon ya ji haushi, sai ya cusa kai ta taga.

"Ƙara faɗi, Malam! Ledar ce ko jerawar?"

Mota ta tashi yana biye da ita da sassarfa yana tambaya. Direba ya ce, "Wannan tsoho ba talla ya fito ba, rigima ya zo saye." Muka yi ta dariya har muka bar gari.

Dutsin-Ma

Ɗan acaɓa ya sauke ni ƙofar gidan burodin da hantsi. Aka kai ni ofishin manaja, na tarar da wani ƙaƙƙarfan mutum yana juyi a kujera kamar yau ya fara ganin irinta. Na gabatar da kaina cikin ladabi, na tambaye shi tsarinsu na ɗaukar ma'aikata da horar da su. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya kece da dariya.

"Malam, ni fa Lawandi ne, direba. Manaja yana can ƙauyen Shema da motata yana rabon burodi. Allah dai ya sa kada ya ƙone mini kuloci."

Ya bayyana mini cewa wata shekara mai kwaɓinsu ya tafi aikin hajji, aka rasa wanda ya san awon yis, burodi ya yi ta fitowa kamar tubali. Tun daga nan Alhaji ya ware mako guda a shekara, makon juyi, kowa ya bar aikinsa ya kama na wani. Ranar Asabar sai a zauna a tabarma ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani, a gyara.

Ni da aka sani da kamewa, sai ga ni tsaye ina tafa hannu. Abin da na daɗe ina karantawa a littattafan ƙasashen waje, ga shi yana warin yis a gabana. Na tambayi kaina ko ilimin nake wa murna ko digirin, na ga amsar za ta iya jira.

"To ina Alhajin?"

"Bana tallan tasha ya faɗo masa. Yana Kurfi."

Na koma na zauna a hankali.

Kurfi kuma

Bayan azahar na sake dira tashar Kurfi, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri. Tun daga nesa ya gane ni.

"Malam mai ƙorafi! Ka gudu ba ka ba ni amsa ba."

Muka zauna a bencin mai shayi, na zayyana masa buƙatata, har da zancen ƙarshen wata. Ya girgiza kai.

"A gidana ba a kallo. Mai kallo ba shi da bakin magana ranar Asabar. In kana son shiga, ga faranti."

Na dubi babbar rigata, na tuna fuskar malamata, na tuɓe rigar na damƙa wa mai shayi ajiya. Alhaji da kansa ya naɗa mini gammo. Kafin la'asar na iya bin mota da gudu, na kuma lura duk sanda na yi sassarfa sai jerin sama ya danne na ƙasa, wanda aka ƙulle a leda tun da zafinsa. Ina cikin haka wata mota ta tsaya, wani tsohon ɗalibina na lokacin da nake koyarwa a sakandare ya leƙo, ido waje.

"Malam! Lafiya? Ritayar ce ta zo da haka?"

"Bincike nake. Na nawa za a ba ka?"

Ya saya don kunya, ni kuma na ji daɗin cinikin fiye da yadda ya dace da mai shekaruna. Da na mayar da faranti babu ko ɗaya, na gaya wa Alhaji abin da na lura. Ya ce, "Kada ka faɗa mini ni kaɗai, ai sai ya mutu a cikina. Ka zo Asabar ka faɗa gaban kowa. Daga nan ka zauna da mu iya son ranka."

Gida

Ana kiran magariba na shiga Katsina. Maiɗakina ta dubi shatin gammo a hulata ta ce, "Malam, digirin ne aka ɗora maka a ka?" Na aika wa malamata saƙo cewa an samu wuri, ta tambayi matsayin da aka ba ni, na rubuta mata gaskiya: ɗan talla.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Lawandi, da mai shayin da ya tsare mini riga, da Alhaji Mande, wanda ya riga ya aiko cewa baɗi bakin tanda zan tsaya.