Wayar da Baba Ya Yanke

Shekara arba'in Baba ya yi yana gyaran rediyo da sifika a shago ɗaya, mai warin dalma da ƙonanniyar roba. Bai yi boko ba, da kunne yake aiki. Da idonsa ya fara yana, sai Yayana ya karɓi shagon, ya rataye kwalin diflomarsa a bango, ya mayar da Baba kan benci kusa da ƙofa. Ni da nake kai musu abinci, kullum abin yana cina.

Akwai wani makaɗin jita, Bahago, abokin Baba tun suna samari. Duk garin an san muryar jitarsa: in ya taɓa a hankali ta yi laushi, in ya daka ta yi gurnani. Sirrin yana cikin amfilifayarsa, wato akwatin da ke ƙara wa jitar sauti. A ciki akwai wata siririyar waya da ke ɗibar kaɗan daga sautin da zai fita sifika, ta mayar da shi ciki a juye don ya danne kansa. Da ita sauti yana fita tsaf, amma a takure, ba ya bin yatsa sosai. Shekara talatin da suka wuce Baba ya yanke ta da gangan, ya naɗe bakinta da tef.

Ranar nan Bahago ya kawo akwatin don fis ya ƙone, washegari kuma zai je ɗaukar waƙa, karon farko a rayuwarsa. Yaya ya buɗe, ya duba zanen haɗin wayoyi na kamfani, ya ga yankakkiyar waya. A gaban masu jiran gyara ya ɗaga ta.

"Kun ga aikin da, ko? Ɓarna kawai, a rufe da tef."

Ni kuwa sai da na ciji leɓe. Yaya ya liƙe wayar da dalma, yana fito.

Da la'asar Bahago ya dawo, ya jona jitarsa, ya kaɗa. Sautin ya fito fes kamar na mai karanta labarai. Ya ƙara dakawa, ko gezau.

"Kai, ɗan nan, wa ya sa wa akwatina takunkumi?"

"Gyara maka na yi, Kawu. Haka kamfani ya yi shi."

"Kamfanin ne zai kaɗa min gobe?"

Baba ya miƙe, ya ce a cire wuta, a jira amfilifayar ta huce. Ya karɓi filaya, ya sunkuya, ya kai fuskarsa har tana taɓa ƙarfen. Ya daɗe a haka. Wayar da ya sani kamar yunwar cikinsa, ba ya ganinta. Sai ya miƙa wa Yaya filayar.

"Ruwan toka ce, daga bayan sifika ta taso. Yanke min, idona ya ƙi."

Yaya ya yanke. Bahago ya kaɗa, gurnanin ya dawo, har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ya leƙo.

Kuna tsammanin Yaya ya ba da haƙuri? Ina! Da waƙar ta fita, masu jita suka dinga layi da akwatunansu, kowa yana son muryar Bahago. Yaya yana yanke musu wayar, yana cewa dabara ce da ya gano bayan dogon bincike. Jiya ma na ji shi da kunnena yana faɗa, Baba yana kan benci, taku uku tsakaninsu.