Baba Ban-Yarda-Ba da Famfon Gwajinsa

Da hantsi yake isowa wurin aiki, kuma gaisuwarsa ba ta da tsawo. Zai sauke akwatin ƙarfe daga bayan babur, ya ciro famfon hannu mai ɗan tanki da agogon awo a kansa. Ya bi bakunan bututun gidan ɗaya bayan ɗaya ya toshe, ya cika su da ruwa, ya yi ta danna famfon har allurar agogon ta hau inda yake so. Sai ya ja jan layi a kan gilashin, daidai bakin allurar, ya ce, "Kada a shafe bangon nan, kada a taɓa min kaya. Sai gobe war haka." Idan akwai yoyo ko da na ɗigo ne, kafin goben allurar za ta sauka ƙasa da layin. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, sai a watan nan ciwon gwiwa ya sa ya ajiye.

Magina ne suka raɗa masa Ban-Yarda-Ba. Ka ce masa bututun sabo ne fil daga shago, ya ce bai yarda ba. Ka ce gam ɗin mai kyau ne, sai ya buɗe ya sansana. Shugabar makarantar da ke bayan layinmu ta shaida mini cewa ya taɓa hana a zuba kankare a banɗakunan ɗalibai har kwana uku, ma'aikata na zaginsa a fakaice, ashe ƙusa ce ta huda bututu a ƙarƙashin ƙasa. Duk da haka ni dai da farko ban yarda da shi ba, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Shekara shida da suka wuce Innarmu ta faɗi ta karye a ƙugu. Likita ya ce idan an sallame ta ba za ta iya doguwar tafiya zuwa banɗaki ba, don haka na fasa ɗakin ajiya da ke jikin ɗakinta na mai da shi banɗaki. Saura kwana uku a sallame ta Baba ya gama haɗa bututu. Magini ya kwaɓa siminti, mai tayil yana jira, sai ga Baba ya ja layin nan nasa ya hau babur ya tafi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata tsohon nan wani aikin ya karɓa a wani gida, wannan gwajin dabarar guduwa ce kawai. Da la'asar na leƙa, na tarar allurar ta sauka kamar faɗin yatsa. Maimakon in tsorata, zargina ne ya ƙaru: ko dai agogon nasa ya tsufa, ko kuwa da gangan ya bar wani wuri a sake don ya ja mu kwanaki. Na bi bututun da idona, ban ga ko ɗigo ba.

Washegari da safe, kafin kowa ya zo, na kama hannun famfon na danna sau biyar. Allura ta koma kan layi. Na goge hannuna a jikin riga na fita kamar ban yi komai ba.

Da Baba ya iso ya tsuguna gaban agogon, ya daɗe yana kallo. Magini ya ce, "To Baba, ga ta nan a kan layi. Mu shafe?"

Baba ya buɗe murfin tankin ya leƙa. Ashe akwai layi na biyu da yake ja a ciki, daidai bakin ruwa, wanda bai taɓa nuna wa kowa ba.

"Allura tana nan, ruwan tanki ya ragu," in ji shi. "Wa ya taɓa min famfo?"

Ya ɗago ya zuba wa magini ido. Magini ya saki cebur. "Haba Baba! Na rantse da Allah ko kusa da shi ban je ba. Ni da nake da iyali, in yi wa tsohuwa haka?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ga bawan Allah zai ɗauki laifin da ba nasa ba, na ce, "Ni ne, Baba."

Na zaci zai wanke ni tas a gaban ma'aikata. Kallona kawai ya yi ya ce, "Ɗana, agogo ka rufe wa baki, ruwa kuma yana can yana aikinsa. Samo min tsohuwar jarida."

Ya yayyaga jaridar ya naɗe kowace mahaɗa, ya sake danna famfon, muka zauna jira. Bayan kamar rabin sa'a ya bi yana warwarewa. A sama, can lungun da ido ba ya kaiwa, takarda ɗaya ta jiƙe. Tazararta da akwatin wayar wutar hitar dumama ruwa ba ta kai taƙi ɗaya ba, kuma bayan wannan bangon ne kan gadon Inna yake.

Na fara cewa ai masu shago ne ke sayar da jabu, sai ya katse ni. "Bar masu shago. Wannan haɗin nawa ne, gam bai zagaye ba. Don irin wannan nake gwaji."

Ya yanke wurin ya sake haɗawa, ya sake jan layi, ya sake cewa sai gobe. Wannan karon ni na kulle ƙofar na miƙa masa makullin da hannuna. Inna ta yi kwana biyu a gidan ƙanwata tana faɗan an hana ta ɗakinta.

Baba, kai ne mai famfon da ke fara tuhumar hannunsa kafin na wani. Kai ne ka gwammace a zage ka yau da a fasa bango baɗi. Aikinka duk a cikin bango yake, siminti ya rufe shi, shi ya sa ba mai yaba maka. Mutum ba ya tuna mai famfo sai ranar da rufinsa ya fara ɗiga, kai kuwa gidajen da ka yi ba sa kiran ka.

Ga masu tasowa a wannan sana'a, da mu masu gidaje da ke tsaye a kansu muna cewa a yi sauri: ku bar ruwa ya kwana a bututu kafin a shafe. Kwana ɗaya ne fa. Wanda ya ce maka aikinsa ba ya buƙatar gwaji, shi ne abin tsoro.

Na gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka ci moriyar hutun nan. Shekara shida muna haɗuwa a hanya, kana zuwa gaida Inna, ba ka taɓa ɗaga maganar nan ba, ko da wasa. Har yanzu a jikin bangon nan take jingina bayanta ta ja carbi, ba ta san abin da ɗanta ya so ya rufe a ciki ba. Yau da kaina zan zauna in karanta mata wannan.