Kunnen Baba da Injin Ciyawa

Warin ɗanyar ciyawa da aka yanka, idan ya haɗu da na fetur, har yau yakan tayar mini da hankali. Wasu na cewa ƙamshi ne. Ni kam ban taɓa jin sa haka ba.

Bayan an mai da Jalingo babban birnin jiha, Baba ya bar tuƙin tarakta a Mutum Biyu, ya kwaso mu zuwa unguwar Turaki a cikin garin. Ya samu aiki a wani gidan saukar baƙi na gwamnati mai faɗin fili, aka damƙa masa injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa a tuƙa. Ja ne, kujerarsa ta yage, Mama ta ɗinka mata matashi.

Da kunne Baba yake kula da injin nan. Ya tayar da shi, ya karkata kai, sai ya ce fulogi ne ya yi baƙi, ko ruwa ya shiga kafireta, domin a shekarun wahalar mai ba ka san abin da ɗan bumburutu ya zuba maka ba. Yakan tace fetur da tsumma, ya duba baƙin mai kowace safiya, ya kankare danƙararriyar ciyawa daga ƙarƙashi da itace.

Wata damina salansar injin, mai rage masa ƙara, ta fashe. Aka nema har Yola ba a samu ba. Ciyawa kuwa ba ta jira, ruwa ɗaya ta kai gwiwa. Haka Baba ya ci gaba da zama a kan wannan ƙara tun safe har rana ta take, damina bayan damina. Daga bakin titi kana jin sa.

Rediyonsa ya fara ƙara murya. Sai a gaishe shi ya wuce, maƙwabta suka ce aikin gwamnati ya sa masa girman kai. A coci ya daina zama cikin mawaƙa, bai faɗi dalili ba. Idan Mama ta yi maganar asibiti, sai ya ce mu ne muke magana ciki-ciki.

Ran wata Asabar Mama ta kai masa abinci, muka bi ta, ni da ƙannena. Muna wasa a gefen fili sai injin ya sauya murya, wani kwaram-kwaram kamar ana dukan garwa. Har maigadi ya miƙe. Baba na tafe abinsa, ya nufo wajenmu. Mama ta kira, ta sake kira. Sai ta ajiye kwano ta shiga fili, ta tsaya ƙiƙam a gabansa.

Ya taka birki, ya kashe.

"Ke lafiya? Kina so in taka ki?"

"Baban yara, ba ka ji ba?"

"Ji me?"

Ta nuna ƙarƙashin injin. Ya cire wayar fulogi, ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya miƙa hannu. Notin da ke riƙe wuƙar yankan ciyawar ya kwance, da yatsa kawai ya juya shi ya faɗo. Ya ɗago ya dubi inda muke tsaye, ya dubi wuƙar. Ya daɗe zaune a ƙasa, bai taɓa abincin ba.

Da ya yarda ya je asibiti, likita ya duba kunnensa ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Baba bai bar aikin ba, mu nawa ne a bayansa? Ya koma ɗora tafin hannu a jikin injin, kuma bai ƙara hawa ba sai ya bi kowane noti da sifana. Amma a gida hira ta ƙare masa. Muna dariya, shi yana kallon bakunanmu.

Yanzu filin ya zama shaguna. Ina ganin samari da ƙananan injunan rataye a kafaɗa, ba komai a kunnensu, nakan tsaya in yi musu magana, su yi mini murmushi kawai.

Bara Mama ta rasu. Bayan an watse, Baba ya kira ni gefe, da ƙarfi yadda yake magana yanzu.

"Muryar uwarku, da ta tsufa, ta canja ne?"

Na buɗe baki, na rasa yadda zan kwatanta masa. Sai na girgiza kai. Ya ce, "To, madalla."