Gilashin da Baba Mai Guduma Ya Manna a Bango

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa wurinsa za mu koma. Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Baba Mai Guduma a asibiti, bayan jinyar kwana goma sha tara. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya. Arba'in da uku daga cikinsu ya yi su ne yana kula da tsohon ginin majalisar dokokinmu, wanda ya girme shi da kusan shekara sittin. Birkila ya shiga, ya zama shugaban masu gyara. Takardar ritayarsa ta daɗe da fitowa, amma aka yi ta roƙonsa ya ƙara shekara, domin taswirar ginin ta ɓata tun kafin a haifi yawancinmu, kuma abin da ya rage nata yana cikin kansa.

Shekara ashirin ke nan ina ɗauko labari daga benen 'yan jarida na zauren majalisar, ban taɓa riga shi isowa ba. Ƙarfe bakwai, masu shara ba su gama ba, za ka ji ƙwas, ƙwas, daga ƙasan bene. Shi ne yake bin ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya da 'yar gudumarsa, kunnensa a jikin dutse. Ya ce lafiyayyen ginshiƙi amsawa yake da ƙarfi, mai ciwo kuwa murya ƙasa-ƙasa. Daga nan ya sami sunan da ya danne na yanka.

Baba, ba gudumar ce ta hana ni barci tun rasuwarka ba. Gilasanka ne.

Ga wanda bai sani ba, haka yake yi. Duk inda bango ya tsage, sai ya yanko siririn gilashi mai tsawon ɗan yatsa, ya gitta shi a kan tsagar, ya manne bakinsa biyu da siminti, ya rubuta lamba da kwanan wata da fensir a gefe. Idan gilashin ya zauna lafiya, tsagar tsohuwa ce, ta gama tafiyarta. Idan ya fashe, bangon yana motsi. Sittin da biyu ne a ginin, kuma ya san halin kowanne kamar yadda uba ya san 'ya'yansa.

Mutum ne mai kula da mutane ba tare da ya tayar musu da hankali ba. Ƙanwata tana aiki a ɗakin ajiyar takardu da ke ƙarƙashin zauren, su goma sha ɗaya. Bara waccan ya shiga ya tsaya a kanta.

"'Yata, tashi mu matsar da teburin nan taku huɗu."

"Baba, so kake ka raba ni da fanka?"

"Fanka zan kawo miki wata kafin azahar. Ke dai matsa."

Ya kawo fankar daga ofishinsa, ya ƙarasa shekarar cikin zufa. Bai gaya mata dalili ba. Sai daga baya muka gane cewa filastar da ke saman kujerarta ta rabu da silin. Bayan sati uku ta zubo a daidai inda take zama.

Sau uku ana ƙiyasta kuɗin gyaran ginin. Na farko shekara goma sha huɗu ke nan. Na biyu ya ninka shi. Na bara ya kusa ninka na farko sau biyar, kuma ya ce sai 'yan majalisa sun fice na aƙalla shekara takwas. Kowane karo mu 'yan jarida mun ɗauki adadin mun baje shi a shafin farko. Jama'a suka fusata, kuma suna da hujja, domin akwai asibitocin da babu magani. 'Yan majalisa suka ji tsoron a ce suna gina wa kansu fada, suka miƙa batun ga kwamiti. Duk shekarar da aka jinkirta, kuɗin ya ƙaru, shi ma tsoron amincewa da shi ya ƙaru.

Washegarin labarina na ƙarshe ya tare ni a matakala da jaridar a hannu.

"Malam Biro, kun buga kuɗin, ba ku buga bangon ba. Zo."

Ya kai ni ƙasa da tocila, ya nuna mini lamba goma sha bakwai, a jikin babban ginshiƙin gabas da ke ɗauke da rabin zauren. Ƙafarsa tana cikin ɗakin su ƙanwata. Ya ce a shekara goman farko gilashi ɗaya ya sauya a wurin. Bara uku ya sauya. Na tambaye shi ko ya faɗa wa hukuma. Ya ce ya rubuta sau bakwai, kuma sau bakwai an gode masa. Na yi alkawarin rubuta labarin, sai rikicin kasafin kuɗi ya taso, na ajiye shi. Wannan nauyin nawa ne.

Baba, ranar Litinin da ta gabaci rasuwarka na je duba ka. Muryarka ta shige, amma ba ka tambaye ni labarin gari ba. Cewa ka yi, "Leƙa mini na sha bakwai."

Na tafi kai tsaye. Na tarar da bangon fari fat, sumul, daga sama har ƙasa. An kawo masu fenti su gyara wurin kafin bikin buɗe sabon zama. Shugabansu, mutumin kirki da ke alfahari da aikinsa, ya ce mini an umarce su su kankare duk wani datti, kuma sun sha wuyar waɗannan 'yan gilasan. Sun cike tsagogin, sun shafe lambobin. Ba su yi da mugunta ba. Babu wanda ya gaya musu, domin mai gaya musun yana kwance.

Na dawo da yamma, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Baba, an yi fenti." Sai ka ce, "Har bayan kantar fayil?" Ashe ka manna wani a gindin ginshiƙin, bayan kantar ƙarfen da ake jera fayiloli, inda buroshi ba zai kai ba. Na ce gobe zan duba in zo maka da labari. Goben ba ta same ka ba.

Ranar Alhamis ni da ƙanwata muka sauke fayilolin, muka ja kantar. Gilashin yana nan, da rubutunka a gefe: biyu ga Fabrairu. Ya fashe. Na bi kan fashewar da farce, farcen ya maƙale, domin ɓari ɗaya ya sauka ƙasa da ɗaya.

Ni ba injiniya ba ne. Ban san ko ginshiƙin nan zai ƙara shekara hamsin ko ba zai ga ƙarshen wata ba, kuma ba zan rubuta abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne kujera ɗari uku ne a samansa, mutum goma sha ɗaya a ƙasansa, kuma wanda zai iya saurarensa ya gaya mana gaskiya mun binne shi. Na kai wa magatakardan majalisa hoton. Ya karɓa cikin mutunci, ya ce za a gabatar wa kwamiti. Kwamitin zai zauna wata mai zuwa.

Na roƙi ƙanwata ta ɗauki hutu. Ta ce, "Yaya, in na ɗauka, sauran goman fa? Kuma ranar Litinin akwai zama, wa zai fito musu da takardu?"

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakin Baba, wadda ta ce mini gudumar tana nan cikin aljihun rigar aikinsa, har yau babu wanda ya zo tambayarta. Ina miƙa ta ga 'ya'yansa huɗu da jikokinsa, da abokan aikinsa da suka ɗauki gawarsa suna kuka. Allah ya ba su haƙurin rashinsa.

Allah ya jiƙanka, Baba. Ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya saka maka da Aljanna saboda kowace safiya da ka sauka ƙasan bene domin wasu su zauna lafiya a sama. Mu da ka bari, Allah ya yafe mana jinkirinmu. Ya kuma tsare bayinsa goma sha ɗaya da za su sauka matakalar nan ranar Litinin da ƙarfe takwas.