Minti Biyun Yaya Sule

Duk wanda ya san shagon hoton Yaya Sule a Ƙofar Guga ya san ba ya taɓa kwamfutarsa sai ya gaishe ta. "Hajiya, an tashi lafiya? Ina gajiya? Ya zafi?" Kai kuwa mai jiran fasfo kana tsaye, rai na ɓaci.

Wani ya taɓa ce masa, "Malam Sule, ai ba ta ji."

Ya ce, "Kai da kake ji, ka amsa tawa?"

Linzaminta, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, ya tsufa har da zare aka ɗaure shi. Na sayo masa sabo, ya jujjuya, ya ce, "Wanga bai san hanya ba," ya jefa a durowa.

Ya rubuta mata umarni, da an kunna ta, ta kwafe hotunan jiya zuwa faifan ajiya. Amma a sama ya sa layi guda: ta jira minti biyu tukuna. Ni ƙaninsa na yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku a ofis, kaina ya kumbura. Na ce, "Yaya, wannan jiran na mene ne?"

"Gaisuwa ce. Kana shiga gidan mutane ka fara da roƙo?"

Na yi dariya har da ƙwalla. Ran da ya tafi ɗaukar hoton biki, na goge layin, ban gaya wa kowa ba.

Bayan rasuwarsa kwamfutar ta mutu. Na ce wa iyali su kwantar da hankali, akwai ajiya. Da na buɗe faifan, ajiyar ƙarshe ta ranar da na yi gwanintata ce. Kwana uku ina zargin wuta, ina canza wayoyi, kafin na gane. Ashe faifan nan nauyin barci gare shi, shi ake jira a minti biyun nan. Kwamfuta ta tashi ta neme shi bai farka ba, sai ta wuce abinta ba ƙorafi. Haka kullum, wata bakwai.

'Yarsa Hauwa ta zo neman hoton ranar suna, wanda yake rungume da jikansa. Shi ne kaɗai hoton da suka yi tare.

"Baffa, an samu?"

Na ce, "Ni na ɓatar da shi, Hauwa."

Ta ce, "Ba komai, Baffa." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya haskaka makwancinsa. Ni kuma Allah ya yafe mini wautata.